Gashin Yana Tsiro, Karyewa Yake Yi: Lacca Kan Kula da Gashin da Aka Sa wa Rilaksa

 

 

Ina yi wa waɗanda suka shirya taron nan godiya, da suka ga ya dace a ware yini guda a yi maganar gashi a fili. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun mata a rasa na tattaunawa sai gashi? To, ya je Babbar Kasuwar Katsina ya tsaya rabin sa'a a rumfar masu kayan kwalliya, ya ga kuɗin da ake zubarwa a kan man gashi. In ya gama ya je ya tambayi likitan fata mata nawa ke zuwa masa goshinsu ya ja baya. Daga nan sai mu yi magana.

Abin da aka ɗora mini shi ne yadda za a riƙe danshi a gashin da aka sa wa rilaksa, a kuma hana shi karyewa. Ban zo in ce wa kowa ta daina ba, ban kuma zo in ce wa kowa ta fara ba. Amma kafin in shiga, bari mu yi ɗan lissafi tare. Gashin mutum mai lafiya yana ƙara tsawon kusan santimita 1 a wata. A shekara, santimita 10 zuwa 12 ke nan. A shekara biyar, rabin mita. To, Hajiya, ke da gashinki ke tsaye a ƙeya tun kina amarya, yanzu ga goyo na uku, ina rabin mitar ya tafi? Yana cikin mataji. Yana kan matashin kai, yana bakin kwata, yana cikin sharar tsakar gida. Gashinki bai tsaya ba. Yana fitowa daga ƙasa, yana kakkaryewa daga sama, shi ya sa kike ganinsa wuri ɗaya. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan ya ginu.

Na farko: me rilaksa ke yi wa gashi?

Silin gashi ɗaya da kike gani yana da ɓawo a waje, mai hawa-hawa, yana da kuma ciki. Cikin nan an gina shi da wani sinadari da ake kira keratin, wanda aka ɗaure da ƙulle-ƙulle masu ƙarfi. Su ne ke ba gashi ƙwarinsa, su ne kuma ke riƙe da murɗin da gashinmu na baƙar fata ke da shi. Aikin rilaksa shi ne ta ɗaga ɓawon, ta shiga ciki, ta tsinka waɗannan ƙulle-ƙulle, sai gashi ya saki ya miƙe. Ma'ana, santsin da muke yabawa, raguwar ƙarfi ce ta kawo shi.

Da me take tsinkawa? Waɗanda suka koyi haɗa sabulu a cikinku sun san soda, wadda ake sa safar hannu kafin a taɓa ta. Ita ce a cikin rilaksa mai yawa. Masana suna da ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 14: abubuwa masu tsami irin su tsamiya da lemon tsami suna ƙasa, ruwa tsantsa yana kan 7, kanwa da soda suna sama. Gashi da fatar kai suna zaune ne tsakanin 4.5 da 5.5. Rilaksa tana kan 12 zuwa sama. Kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba.

Shi kansa asalin abin ba daga ɗakin kwalliya ya fito ba. Wani baƙar fatar Amurka mai suna Garrett Morgan, a birnin Cleveland, yana neman ruwan da zai hana allurar keken ɗinki ƙona yadi, sai ya lura ruwan yana miƙar da gashi. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da shi. Fiye da shekara ɗari ke nan, an gyara, an ƙara turare, an canza kwali, amma aikin bai canza ba.

Wata za ta ce ai nata mai sanyi ne, an rubuta No-Lye a jikin kwalin, wanda ake haɗa ruwa da kirim kafin a shafa. Gaskiya ne wannan bai cika cin fatar kai kamar mai soda ba. Sai dai shi ma yana tsinka ƙulle-ƙullen, kuma yana barin ragowar kalsiyam a jikin gashi, wanda ke sa shi ƙara bushewa. Hoton yarinya mai murmushi a kwali bai mai da shi man shanu ba.

Wata likitar fata 'yar Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town, ta auna gashin mata da ita da abokan aikinta, suka buga sakamakon a 2010. Sun sami sinadarin da ke ƙulla gashi ya ragu ƙwarai a gashin da aka sa wa rilaksa, har ya yi kusa da na masu wata cutar gado da ke sa gashi ya riƙa karyewa da kansa. Ku riƙe wannan kuma: gashi ba fata ba ne. Fata in ta ji ciwo tana warkewa, domin tana da rai. Silin gashi da ya fito waje ba shi da rai, ba ya warkewa. Duk robar da aka rubuta mata cewa tana mai da gashi sabo, lallashi take yi, tana toshe ɓaraka zuwa wankin gaba. Saboda haka gashi mai rilaksa majinyaci ne har ranar da aka yanke shi, kuma riƙon majinyaci za a yi masa.

Na biyu, kuma nan zan fi daɗewa: mai ba danshi ba ne.

Ku tambayi duk wadda gashinta ya bushe me ta yi masa. Za ta ce, wallahi kullum sai na labta masa mai. Na yarda. Amma kin ba shi ruwa?

Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai saƙar tabarma ta san ba ya lanƙwasa busasshiyar kaba. Sai ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi tukuna. Da zai shafe ta da man gyaɗa a bushe, za ta yi sheƙi kam, amma yana lanƙwasawa za ta ce ƙas. Haka gashi yake. Ruwa ne ke sa shi laushi ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Aikin mai shi ne ya rufe ruwan kada ya gudu da wuri, ya kuma sa sili ya zame a jikin ɗan'uwansa. In kin shafa basilin a busasshen gashi, bushewar kika kulle a ciki, kika kuma gayyato ƙura ta zo ta manne.

Gashi mai rilaksa ya fi kowane buƙatar a gane wannan, domin ɓawonsa ya riga ya ɗaɗɗaga. Yana shan ruwa da sauri, yana sakinsa da sauri. Ga mu kuma a Katsina. Damunarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara fari ne. In hunturu ya kankama, danshin iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, wanki ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe. Iskar da ta busar da zanin atamfa a cikin minti kaɗan, me kike zaton tana yi wa silin gashi? Shi ya sa nake cewa ku yi hattara da shawarar da kuke gani a waya daga matan Legas ko na Landan. Iskarsu jiƙaƙƙiya ce. Abin da ya ishe su a mako, ke ba zai kai ki kwana biyu ba.

To, yaya za a yi? Tsarin ba shi da wuya, kiyaye shi ne aiki. Ki sami 'yar kwalbar feshi, ki zuba ruwa mai tsabta, ki ɗiga kwandishanan da ba a wankewa a ciki ki girgiza. Kada ki haɗa da yawa ya kwana biyu yana tsami, ki haɗa na 'yan kwanaki. Ki raba gashin gida huɗu. Ki fesa ya yi danshi, ba sharkaf ba. Sai ki bi da man gashi mai ruwa-ruwa, irin wanda in kin duba jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, ruwa ne a farko. Daga ƙarshe ki murza ɗan man kaɗe a tafin hannu ya narke, ki shafe. Ruwa, kirim, sannan mai. In kin juya tsarin, kin yi aikin banza. Kuma ki fi ba bakin gashin ƙarfi, ba gindinsa ba. Gindi sabo ne, yana kusa da maiƙon da fatar kai ke fitarwa. Bakin gashi shi ne tsoho, ya shekara biyu ko uku yana shan rilaksa da rana da mataji. Da hunturu a yi wannan kullum ko bayan kwana ɗaya. Da damina a sassauta. Ko kina da kitso a kai, ana fesawa a bi layi.

Wane mai? Na gida ya wadatar. Man kaɗe yana da kauri, ya dace da sanyi. Man kwakwa yana da wata baiwa: wani bincike da aka yi a Indiya aka buga a 2003 ya nuna yana ratsa cikin sili, yana rage zubewar sinadarin gashi wajen wanki, abin da man da aka tato daga fetur bai yi ba. Don haka shafa shi awa ɗaya ko kwana guda kafin wanki yana da amfani. Man zaitun, man riɗi, man alayyadi, duk suna rufe danshi. Man shanu kakanninmu sun yi amfani da shi, kuma yana laushi, sai dai a wanke shi da wuri kafin maigida ya fara tambayar ko an kawo nono ne. Gilisarin kuwa aikinsa jawo danshi daga iska. In iskar ba ta da shi fa? A haɗa shi da ruwa, a rufe da mai, kada a shafa shi tsura a watan Janairu.

Bari in taɓo cebe, tunda na ga ana murmushi. Hotunan matan Chadi masu gashi har kugu sun sa kasuwarsa ta buɗe daga Maiduguri zuwa nan. Amma ku lura da yadda su masu abin ke yi. Suna jiƙa gashi, su shafa garin da mai a jikin gashin, ba a fatar kai ba, su kitse shi manya-manya, su bar shi kwanaki ba mataji. Gashin ba sauri ya ƙara ba, karyewa ya daina. Wadda ta sayi cebe ta ci gaba da maimaita rilaksa duk wata tana taje busasshen gashi da ƙaramin mataji, kuɗinta kawai ta kai Chadi.

Na uku: ranar sa rilaksa. Masu salun, da ku nake, kuma da girmamawa nake yi, domin kawunanmu a hannunku suke.

Mafi yawan ɓarnar da nake gani ba daga rilaksar farko take ba, daga maimaici take. Rilaksa ta sabon toho ce kaɗai. Gashin da ya riga ya miƙe ya gama biyan bashinsa, in aka sake ɗora masa, sauran ƙullin da ke riƙe da shi ake tsinkawa. Amma me muke gani? A kwaɓa, a labta tun daga gindi har baki, a sa mataji a ja, wai don ya kwanta sosai. Ki yi haka sau uku, na huɗu gashin zai biyo matajin.

Ku koma lissafinmu. In wata ɗaya ya wuce, sabon tohon santimita 1 ne. Wane hannu ne zai shafa kirim a santimita 1 bai taɓa na kusa da shi ba? Babu. Shi ya sa ake cewa a jira aƙalla mako 8, in an kai 10 ko 12 ya fi. Sau huɗu a shekara ya isa. Na san abin da za ku ce: ita mai kan ce ta matsa, in ban yi mata ba za ta tsallaka titi ta je wani shagon. Haka ne. Amma ranar da gashin ya zube, sunan shagon wa za ta kira a gidan biki?

Ga abin da ya kamata. Kada a wanke kai ko a sosa shi kwana uku kafin ranar, kada kuma a tsefe ƙananan kitso da safe a sa rilaksa da rana. In akwai ƙurji ko rauni, a ɗaga. A shafa basilin a fatar kai da goshi da bayan kunne da ƙeya. A shafe tsohon gashin da kwandishana ko mai, ya zama garkuwa. A duba agogo. Yawancin kwalaye ba su yarda a wuce minti 15 zuwa 20 ba, kuma lissafin yana farawa ne daga shafar farko, ba daga lokacin da aka gama shafawa aka ɗauko waya ba.

Sai maganar nan da ta zama ruwan dare: daure, bai kama ba sai ya yi zafi. Wa ya koya mana wannan? Zafin nan ƙuna ce, fata ce ke ci. Ɓawon da kike tashi da shi washegari, gashi ya manne da fatar kai, ruwan ciwo ne ya bushe. Garin neman gira kada a rasa ido. Da ta ce zafi, a kai ta bakin ruwa. Kuma ba dole ba ne gashi ya miƙe sambal. In aka bar masa ɗan murɗi kaɗan, ya fi ƙwari, ya fi cika ido.

Ɗauraya kuma a yi ta da ruwa mai yawa. Na san jarkar 'yan garuwa da kuɗi ake saye, ruwan famfo kuma ba kowane layi yake kaiwa kullum ba. Amma nan ba wurin tattali ba ne. Bayan ɗauraya sai shamfun da ke kashe kaifin rilaksa, wanda ke zuwa a cikin kwalin ko ake sayarwa daban. Mai tsami ne, shi ke mai da gashi ma'auninsa. Wani ma kumfarsa takan canza launi in da sauran rilaksa, sai a yi ta wankewa har ta fito fara. In aka tsallake wannan aka yi amfani da shamfu na yau da kullum, rilaksar tana nan tana aiki a hankali bayan mai kan ta koma gida. In kuma tsautsayi ya sa ta faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20, sannan a wuce asibiti, kada a tsaya ɗiga komai. Robar kuma a ɗaga ta sama, yara na ɗaukarta kamar abin lasa.

Iyayen amare, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ake yi wa kan amarya a mako ɗaya, ko kan soja ba zai ɗauka ba: Litinin rilaksa, Talata rini, Laraba ƙarfen miƙarwa, Alhamis kitso, Juma'a ɗaurin gwaggwaro mai sa jijiyar wuya ta tashi. A sa rilaksa mako uku kafin biki. Tsakaninta da rini ko lalle a bar aƙalla mako biyu. Maganin da ke kwaye launin gashi ya koma ja ko fari kuwa, shi da rilaksa ba sa zama a kai ɗaya.

Na huɗu: wanki. Wannan gajere ne. Omo na tufafi ne. Sabulun wanki na tufafi ne. Ko sabulun salo, da duk albarkarsa a jiki, yana ɓangaren kanwa a ma'aunin da na faɗa, yana ƙara ɗaga ɓawon da muke so ya kwanta. A nemi shamfu mai sauƙi, a wanke sau ɗaya a mako ko kwana goma, a cuɗa fatar kai da tafin yatsu, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Ruwa ya zama mai ɗumi, ba na fige kaza ba. Kowane wanki a bi shi da kwandishana. Sau biyu a wata a yi sitimin: a shafa mai kauri, a rufe da leda, a naɗa tawul mai ɗumi minti 20 zuwa 30. Ba sai da wutar lantarki ba. Karkashin da iyayenmu ke jiƙawa su wanke kai da shi, kada ku raina shi. Yauƙinsa na warware gashi ba tare da ja ba, kuma ba ya kwashe maiƙo. Wadda rijiyar gidansu ke da zartsi, sabulu ba ya kumfa, ta nemi ruwa mai daɗi ko da na ɗaurayar ƙarshe ne.

Na biyar: hannu, zafi da ɗauri.

Gashi mai rilaksa ya fi rauni a wuri biyu: bakinsa, da mahaɗar da sabon toho ya gamu da tsohon gashi. A mahaɗar nan, ƙasa murɗaɗɗe ne mai ƙarfi, sama miƙaƙƙe ne mai rauni, mataji na zuwa nan yake tsinkewa. Saboda haka a fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai wara-waran haƙora, daga baki a gangaro zuwa gindi, da ɗan danshi da kwandishana a jiki. Ƙaramin matajin nan mai jela na tsaga ne, ba na taza ba. Bakin da ya tsage biyu kuma ba ya haɗewa. A sa almakashi mai kaifi a datse, in ba haka ba tsagar za ta yi ta hawa.

Zafi: handiraya a matsakaici, a nesa da kai. Ƙarfen miƙarwa yakan kai digiri 200, ninki biyu na tafasar ruwa. In aka ɗora shi a gashi mai danshi, ruwan cikin silin ke tafasa ya fasa shi. A bar shi sai ranar fita ta musamman. Turaren wuta ma, ba zan raba ku da shi ba, ni kaina ba a raba ni. Amma a bar garwashin ya lafa, hayaƙin ake so, ba wutar ba.

Mu matan aure muna yawan jiƙa kai saboda wankan ibada, kuma malamanmu sun yi bayanin lokacin da ake buƙatar kwance kitso da lokacin da ba a buƙata, a koma gare su. Nawa shi ne abin da ke biyo baya. Kada a murje gashi da tawul, a matse shi da tsohuwar riga mai laushi. A shafa mai tun da sauran danshi, ga dama ta samu a ɓagas. A bar shi ya sha iska kafin a ɗaure. Jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi tun safe har dare, shi ke kawo wari da ƙaiƙayi, amosani ya samu gida. Ɗankwalin atamfa da hular auduga kuma suna tsotse mai, suna gurzar goshi. A sa hular siliki ko satin a ƙasa, da rana da kuma lokacin barci. Robar ɗaure kuɗi ta kuɗi ce, ba ta gashi ba. Ribom ɗin ma a riƙa sauya masa wuri. Su acuci-maza, ban ce komai ba, amma nauyin a wuyan gashin gaba yake.

Masu kitso, yanzu na zo kanku. Ita dai Farfesa Khumalo, a binciken da suka yi kan mata da 'yan makaranta a Cape Town, sun sami cewa zubewar gashin goshi ta fi yawa a inda aka haɗa rilaksa da kitso mai ja. Kowannensu shi kaɗai da sauƙi, haɗuwarsu ce masifa. A bar mako biyu bayan rilaksa kafin a kitsa. 'Yan ƙananan gashin goshi da na gaban kunne a ƙyale su, ba dole sai kowane sili ya shiga shuku ba. Kitson da ya hana mace sa goshi a ƙasa cikin natsuwa, ko ya sa ta shan maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙuraje a layin tsaga, bai yi kyau ba, ko da an yaba a gidan suna. Da farko gashin yakan dawo in an sassauta. In aka shekara da shekaru ana ja, saiwar ke mutuwa, wurin ya yi sulɓi. Daga nan babu man da zai tsirar da shi, ko daga Makka aka kawo.

Na shida: abin da ba na mai ba ne.

In kin ga gashi a mataji, ki ɗauki sili ɗaya ki duba. In dogo ne da ɗan farin kai a gindinsa, zubewa ya yi daga saiwa, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. In gutsattsari ne gajeru ba farin kai, karyewa ce, maganinta abin da muka yi ta faɗa. Zubewa mai yawa kuwa daga cikin jiki take. Mai jego takan ga gashinta na zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa. A irin wannan lokaci a ɗaga wa rilaksa ƙafa. Zazzaɓi mai tsanani, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, duk suna zubar da gashi. Wake, ƙwai, hanta, kifi, gyaɗa, zogale, sun fi robar dubu biyar amfani ga mai ƙarancin jini. In kuma tsakiyar kai ce ke buɗewa a hankali, ko ana jin zafi ko ƙaiƙayi a wurin, ko makero ya fito wa yaro, a je a ga likitan fata. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. A je tun saiwar na da rai.

Akwai maganar da nauyi ne a kaina in faɗa. A Oktoban 2022 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Sun sami cewa matan da ke amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa amfani da su fiye da sau biyu: kusan kashi 4 cikin 100, a kan kashi 1.6. Ku fahimce ni. Alaƙa suka gani, ba su yanke cewa rilaksa ce ta haddasa ba, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Kada wata ta koma gida ta kasa barci. Amma ku lura da adadin, fiye da sau huɗu a shekara. Ya zo daidai da iyakar da lafiyar gashin kanta ta nema. Kuma fatar da ta ƙone ta fi lafiyayya shan abin da aka shafa mata. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Wadda ake ɗebowa da cokali daga babban bokiti a ƙulla a leda, ba suna ba kwanan wata, ni ba zan sa ta a kaina ba.

Yara kuwa, iyayena, ina roƙonku. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta nemi gashi mai santsi ba, mu ne muka gaji da kukanta wajen taza ana gobe Sallah. Kukan nan bushewa ce ke kawo shi. A jiƙa, a sa karkashi ko kwandishana, a raba gida-gida, a bi a hankali, za ku ga ta yi barci a cinya. A bar ta ta girma ta zaɓa da kanta.

Wadda kuma ta yanke shawarar dainawa, hanya biyu ce. Ko ta datse mai rilaksar gaba ɗaya, abin da mu nan ya fi mana sauƙi tunda kai a rufe yake, sai dai a sanar da maigida tukuna kada ya shigo ya yi salati. Ko kuma ta riƙa kitso manya marasa ja, tana ba mahaɗar danshi, tana datse baki kaɗan-kaɗan duk wata biyu har tsohon ya ƙare. Ba ruwan da ke wanke rilaksa daga gashi, kowa ya ce miki yana sayar da shi, ki riƙe kuɗinki.

Hajiya shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo, ni da na gama yi wa mutane faɗan kiyaye lokaci.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ta ɗaga hannu, wadda ke jin nauyi ta rubuta a takarda ta miƙo ba sai ta sa suna ba. Masu salun da masu kitso, na san kuna da abin cewa, ku za a fara ba.